Mai Jan Baƙi Daga Fammar

Alaramma Maharazu bai taɓa katse wa babba magana ba, kuma da wannan ya ci abinci. Shi ne mai jan baƙi a tafsirin Malam Badamasi na Kibiya: ya karanto aya, Malam ya fassara, da Malam ya ja numfashi sai ya shigo da ta gaba. Tun suna da baƙin gemu suke haka.

Sai ciwon ƙafa ya zaunar da Alaramma a gidansa na ƙauyen Fammar, ga azumi ya ƙarato. Alu mai gyaran lasifika ya ce abu mai sauƙi ne, waya a nan, waya a can, ana ganin juna. Ranar farko ta azumi bayan la'asar aka gwada. Malam ya dire magana, masallaci ya yi tsit, ana kallon bakin Alaramma yana motsi a waya ba murya. Da Malam ya gaji ya ci gaba da bayani, sai ga ayar ta faɗo masa a tsakiyar zance. Alu ya ce maganar ce ke daɗewa a hanya, zuwa da dawowa. Dattawa suka fara ambaton wani mai karatu a Rano da zai maye gurbinsa.

Abin ya yi wa Maharazu ciwo, ya fi na ƙafar. Amma ya san Malam, ya san inda muryarsa ke sauka in zai tsaya. Washegari, tun Malam bai ƙarasa ba, ya runtse ido ya ja aya. A Kibiya ta sauka daidai kan numfashin.

Matarsa Lubabatu ta leƙo. "Alaramma, Malam kake katsewa?"

"A nan ne kawai," in ji shi. "Can ba su sani ba."

Haka ya yi ta yi har aka ga watan salla, kullum da kunya, ba a kuma sake zancen mutumin Rano ba.

Bayan salla Malam ya zo duba shi, ya zauna a gefen tabarma. "Alaramma, shekara da shekaru muna tare..."

Bakin Maharazu ya buɗe da kansa, don ya san inda zancen zai tsaya. Sai ya kama gemunsa, ya rufe bakin. Wata guda ke nan bai ji ƙarshen maganar Malam ba, kuma ya yi kewarsa.