Awa Biyu a Lambun Hanyar Gadau

Ina cikin shekara ta uku da dawowa Azare lokacin da na je lambun nan. Wata guda na zo yi, bayan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Na bar aikin koyarwa a Kano da takardar hutu, hutun ya ƙare, na nemi ƙari, daga baya suka ɗauki wata a gurbina. Inna ta daɗe da rasuwa, yayyena maza biyu kuma suna nesa da iyalansu. Ba wanda ya taɓa zama ya ce ni zan yi jinya. Kowa dai ya koma inda ya fito, ni da ba ni da miji aka bar ni a gidan.

Kullum da safe ina fito da Baba baranda, in jingina shi da filo. Abin da yake kallo bai wuce tsakar gida ba, inda a da yake da lemo da gwaba da 'yan kunyoyin alayyafo. Rijiyarmu ta ƙafe, ruwan 'yan garuwa kuma wankinsa ma da ƙyar yake isa. Ɗaya bayan ɗaya shukokin suka mutu a gabansa. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai, sai dai ya ɗaga hannun hagu ya nuna busasshen lemon, ya juyo ya dube ni.

A rediyo na ji labarin wani lambu a hanyar Gadau, inda ake nuna wa jama'a yadda ake shuka da ruwa kaɗan. Sai da na yi sati uku ina neman wanda zai zauna min da Baba. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Barno da muke kira Iya, ita ta yarda.

"Awa biyu fa, 'yata," ta ce. "Kin san in ya tashi kewayawa ba zan iya ɗaga shi ba."

Na hau adaidaita. Rabona da wuce kasuwa har na manta, na riƙa leƙen shaguna kamar baƙuwa.

Lambun ba shi da girma. An kewaye shi da lalle, ƙasarsa kuwa rairayi ce irin ta gidanmu, amma ko'ina kore ne a tsakiyar bazara. Wani dattijo mai kula da wurin ya zagaya da mu, mu biyar. Ya durƙusa gindin zogale ya ɗaga wani murfi, sai ga bakin tulu, an binne shi har wuya.

"Ku cika shi ku rufe," ya ce. "Tulun yana tsattsafo da ruwan a hankali, saiwa tana sha daga ƙasa, rana ba ta samun rabonta."

Ya nuna mana yadda suka rufe gindin kowace shuka da ɓawon gyaɗa da karan dawa. Na tura hannu ƙarƙashi, na ji damshi da sanyi. Ya nuna wata 'yar hanya da aka jera wa tsakuwa, wadda take kai ruwan alwala daga masallacinsu zuwa gindin kabewa. Na yi ta tambaya: wane irin tulu, tazarar taku nawa, ruwan wanki mai sabulu fa? Na ciro biro ina rubutawa a bayan takardar maganin Baba, don ita kaɗai ce a jakata. Wata mata da muka zo tare ba ta gane batun tulun ba, sai na tsinci kaina ina yi mata bayani, har ina zana mata a ƙasa da tsinke.

Dattijon ya tsaya yana saurare. Da sauran suka yi gaba ya ce, "Malama ce ke, ko?"

"Da can," na ce.

"Muna neman mace wadda za ta riƙa shiga gidaje tana koya wa mata, a Gamawa da Itas da ƙauyukansu. Mu maza ba ma shiga. Kwana uku ne a sati. Ki yi tunani."

Kafin in buɗe baki waya ta yi ƙara. Iya ce.

"Ki zo, ya ɓata shimfiɗa, kuma ya ƙi yarda in taɓa shi. Kuka yake."

Ko awa ɗaya da rabi ban cika ba. Dattijon ya ciro min dashen zogale guda uku ya naɗe a tsumma, na fita da gudu-gudu ina tsayar da abin hawa.

Bayan na gyara Baba na wanke zannuwan, na kira babban yayanmu na faɗa masa maganar aikin. Na ce ko za a samo wanda zai riƙa zama da Baba kwana ukun nan.

"Ke ma kin san ba ya yarda da baƙon hannu," ya ce. "Ki ƙara haƙuri, ladanki yana wurin Allah. Bayan salla za mu zauna."

An yi sallar, ba a zauna ba. Dattijon ya aiko sau biyu ta bakin wani mai adaidaita, na ce a yi masa godiya.

Tuluna dai na saya, huɗu, na haƙa na binne da hannuna. Na karkato da ruwan wanke-wanke zuwa gindin katanga. Zogale biyu suka kama, ɗaya ya mutu. Baba ya daina nuna lemon, har ya bari na sare shi. Ranar da na fara yi masa miya da ganyen gidan, ya ci fiye da yadda ya saba, kuma na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Wajen ƙarshen damina wata 'yar ƙanwar Baba ta zo duba shi daga Itas. Ta ga bakin tulu a ƙasa, ta tafa hannu.

"Lah, ku ma ta zo nan? Wata malama ce take zuwa mana duk Laraba a kan babur, ita ta koya mana wannan. Bari in nuna miki, Yaya, murfin nan naki ya yi ƙanƙanta."

Na tsaya na bar ta ta nuna min. Sannan na shiga na ɗora mata ruwan shayi.