Ƙaryar da Na Ɗora wa Babaji Mai Awon Fitsari

Shekara tara ke nan ina zagayawa ta bayan kasuwa zuwa makarantar da nake koyarwa, ko da yake hanyar gaban ɗakin shan magani na En'e ta fi kusa. Ba don komai ba sai don kada in haɗa ido da Babaji. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Danchuwa, bayan shekara ashirin da bakwai yana yi wa Potiskum hidima, kuma ina tsoron ya tafi da baƙin sunan da ni na jawo masa.

Kafin hantsi Babaji ya share baranda, ya jera kwalabe a kan benci, kowace da sunan mai ita. Aikinsa shi ne wanda kowa yake ƙyama, wato duba fitsarin marasa lafiya. Yakan zuba kaɗan a wata siririyar kwalba, ya kara ta a harshen 'yar fitila, ya ɗaga ta wajen taga. Idan ya zauna garau, ya yi hamdala. Idan ya yi fari kamar ƙwai a tafasasshen ruwa, sai ya jawo wa mai shi kujera.

Kaumi, wani Babarbare mai fataucin kanwa, yakan leƙo ya ce, "Babaji, yau miyar wa kake dafawa?"

"Taka ce, Kaumi. Gishiri ya yi mata yawa."

Da ƙafafun Kaumi suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a gaban jama'a Babaji ya yi masa bayani. "Ƙoda biyu Allah ya ba ka, nan ƙasan haƙarƙari ta baya. Mataci ce. Jini yana bi ta cikinta ba hutawa, ta riƙe mai amfani, ta zubar da datti da rarar ruwa da gishiri. In mataci ya yage, abin kirki ya zube, shi ne farin nan da ka gani. In ya toshe, ruwa ya rasa mafita, ya taru a fuska da ƙafa. Sayar da kanwarka, amma kada ka sha." Kaumi ya bi shawarar, yana nan da ransa. Direbobin tasha kuma ba su manta ranar da Babaji ya tsaya tsakiyar titi ya tare motar gyaɗa ba, don a kai Yakaka, wata mai ciki daga Damagum, babban asibiti, saboda abin da ya gani a kwalbarta.

'Yata Hanatu tana da shekara tara lokacin da ta warke daga ƙazwa, ta wayi gari idanunta sun kumbura, fitsarinta kaɗan, ja wur kamar shayi. Babaji ya ce ƙoda ce ta toshe, kuma yara da yawa suna tashi idan aka yi haƙuri. Ya ce ta kwanta, ba gishiri, ba kanwa, ruwa kuma gwargwadon abin da ta fitar da ɗan ƙari. Kullum da safe yakan zo a kekensa ya auna.

Bazara ce. Yarinya tana kiran ruwa. Mahaifiyata Gogo ta ce, "Tun kaka da kakanni kanwa ke sace kumburi. Wane marar imani ne zai hana yarinya ruwa a wannan zafi?" Ni da nake koya wa 'yan makaranta kiwon lafiya, da hannuna na jiƙa jar kanwa, na cika ƙwarya, na ba ta. Kwana huɗu ina yi.

Babaji ya tambaye ni, "Malam Saleh, ba a ƙara mata komai ba?"

"Ko ɗigo."

Ranar Alhamis ta fara sanƙarewa, kafin la'asar ta cika. Ko da ban ba ta ba, Allah kaɗai ya san ko za ta tashi. Abin da na sani shi ne abin da na faɗa a zaman makoki, gaban mutum fiye da talatin: na ce ƙishirwa ce ta kashe ta, Babaji ne ya hana ta ruwa. Maganar malamin makaranta tana da nauyi. Aka laƙaba masa Mai-hana-ruwa, iyaye suka riƙa ɓoye masa 'ya'yansu masu kumburi, ana ɗura musu kanwa a ɗaka. Ban san kaburbura nawa harshena ya haƙa ba.

Babaji, kai ne ka zo ta'aziyya ranar, ka ji da kunnenka, ka shafa fatiha ka tashi. Kai ne ka ci gaba da bin gidajen da aka rufe maka ƙofa, ka yi sallama, a ce ba kowa, gobe ka dawo. Murucin kan dutse, ba ka taɓa kare kanka da kalma ɗaya ba. Na gode, Allah ya saka maka. Ku kuma samari masu shiga aikin asibiti, ku koyi wannan haƙuri. Iyaye, in fuskar yaro ta kumbura, ku kai a duba, ku bar kanwa a kasko.

Jiya bayan an tashi makaranta na je na same shi yana wanke kwalabe. Na durƙusa, na faɗa masa duka. Ya goge hannu a tsumma.

"Ai na sani, Malam. Tun rana ta biyu. Yarinyar da ake auna wa ruwa ba ta ƙara kumbura haka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Mutum ya dawo daga binne 'yarsa, me kuma zan ɗora masa?" Ya matsa gefe a kan benci. "Tashi ka zauna. Ƙasar nan ba ta bushe ba."