Kuncin Hagu na Mai Mangwaro

A tashar motar Santa Ana akwai wata dattijuwa mai sayar da yankakken mangwaro. Ban san ta ba, amma kuncinta na hagu ya hana ni sakat. Daga kunne zuwa haɓa fatar ta yi jajir, ta tsattsage, tana tsattsafo da ruwa, daidai faɗin wayar hannu.

Ga ta nan tana goge hannu, tana zaro tsohuwar waya mai koɗaɗɗen bakin ƙarfe, tana danna ta a kan ciwon. Ba magana take yi ba. Wani saƙon murya take saurare, leɓɓanta suna bin kalmomin kamar addu'ar da ta haddace.

"Haba, Niña Eduviges!" in ji maƙwabciyarta mai gasa wainar masara. "Likita ya ce ƙarfen nikel ɗin nan ne jininki ba ya so. Ki buɗe lasifika mana, ko sai kunnen ya guntule?"

"Ke dai juya wainarki, ƙawata, tana ƙonewa. Da raɗa ɗana Wilmer ya yi maganar, a bayan motar masu tsallakar da mutane iyakar ƙasa zuwa arewa a ɓoye. Uwarsa ya yi wa, ba 'yan tasha ba."

Maƙwabciyar ta juya wainarta, don ta san wani saƙon bai biyo baya ba. Ina jin shekaru sun ja, don ciwon ba na jiya ba ne.

Motata tana tashi, ita tana mayar da saƙon zuwa farkonsa. A duk jikinta, nan ne kaɗai inda ɗanta yake taɓawa har yanzu.