Ranar Miƙa Ɗan Ƙanwata

A shekarun da nake magana, majami'armu ɗaya ce amma jama'a biyu ke amfani da ita. Mu masu sujadar Hausa mu ne na farko, sai masu Turanci, yawancinsu ma'aikatan gwamnati daga Arkilla, su shigo bayanmu. Su mutanen agogo ne. Da lokacinsu ya yi, mai kiɗansu zai fara gwada lasifika ko da kana tsakiyar addu'a.

Ƙanwata ta daɗe da aure a unguwar Gidan Dahala ba ta haihu ba. Da Allah ya ba ta ɗa namiji, aka sa ranar miƙa shi a gaban jama'a. Al'adarmu ita ce uwa ta zaɓi wurin da za a karanta a Littafi Mai Tsarki, bayan karatu ta miƙe ta yi godiya da bakinta, matan zumunta su kama mata waƙa da kiɗan tulu. Wannan tsayuwar ta daɗe tana jira. Ta sha zama a baya tana yi wa wasu tafi, ta koma gida.

Ta zaɓi addu'ar matar nan ta Tsohon Alkawari, wadda ita ma ta daɗe tana kukan rashin haihuwa kafin ta sami ɗa. Ta roƙe ni in karanta, tunda ni ne babban wanta. Ta ce karatu kawai take so.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga wani ɗan kwas na dattawan ikilisiya ba. Ni da na tsaya a firamare, sai ga ni da jaka da tabarau, ina jin ba a taɓa fahimtar komai a Sakkwato ba sai da na dawo. A can aka nuna mana wani abu a ƙarshen wannan addu'a. Matar ta ambaci sarkin da Allah zai ƙarfafa, da shafaffen da zai ɗaukaka, alhali a zamaninta mutanenta ba su da sarki. To wane sarki take nufi? Malamin ya ce Almasihu ne, mace tana godiya kan jaririnta, Ruhu ya sa ta hango wanda zai zo. Har yau na gaskata haka. Abu ne mai kyau, kuma da na ajiye shi zuwa darasin Laraba da ya yi kyau ƙwarai.

Na karanta, na rufe littafin, amma ban sauka ba. Na ce bari in ɗan ƙara haske. Na fara da ma'anar shafewa da mai. Na bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ban iya faɗin sunayensu daidai ba. Na gaya wa jama'a cewa masu ƙaramin sani ne ke ɗaukan addu'ar a matsayin ta mace da jaririnta. Na faɗi haka ƙanwata tana zaune a layin gaba, da sabon zane, da jariri a cinya.

Fasto ya yi tari. Na ɗauka tabbatar da maganata yake yi. Shugabar matan zumunta ta ɗora tulu a cinya, ta sauke, ta sake ɗorawa. Na ga hawaye a idon ƙanwata, na ce a raina lallai saƙo ya shiga.

Ina cikin haɗa annabcin da haihuwar Almasihu sai lasifika ta yi ƙara. Masu Turanci sun cika bakin ƙofa da takalmansu masu sheƙi. Fasto ya karɓi yaron a gaggauce, ya yi masa addu'ar da ba ta kai tsawon gaisuwa ba, aka ce mu fita ta ƙofar gefe.

A waje, cikin rana, matan suka kewaye ta suka ce ta yi godiyarta nan. Ta fara, amma kiɗan ciki ya danne muryarta, rabin jama'a kuma sun tafi neman keke. Ta bar godiyar a nan. Ni kuwa na matso ina gyara tabarau, na tambaye ta ko ta ji yadda abin ya fito.

"Na ji, Yaya," in ji ta. "Shi Almasihu kowace Lahadi tashi ce. Ni wagga ɗaya aka ba ni."

Na ce mata kada ta damu, in ta haifi na biyu za ta yi. Da irin wannan tabbaci na faɗa, kamar ni ke rabawa. Ta gyara goyonta, ta shiga keke.

Yaron ya girma, yanzu shi ke kai ni asibiti in ƙafata ta tashi. Shi kaɗai Allah ya ba ta.