Ɗiyar Maƙwabta

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, a shekarar da damina ta ƙi, wani lokotoro, wato likita, ya ɗauke ni aikin gwada wasu tambayoyi da aka kawo daga Turai don gano matasa masu damuwa. Aikina in yi wa iyaye su da Hausa, a ga ko za su yi amfani a nan. Yaron da amsoshi suka nuna yana da matsala, lokotoro ya duba shi. Ni kuwa, biro a aljihu, ji nake ni ma rabin lokotoro ne.

A gidanmu a unguwar Maourey wata mata ta sauka, yunwa ta koro ta daga wani ƙauyen Tahoua. Tana da ɗiya da ta fara tasowa, mai yini jikin bango tana kallon ƙasa. Na zauna gaban uwar na fara: tana barci? Tana yawan kuka?

Ta kawar da kai. "Ɗana, ni mi na sani? Ta fari ce. Kaka tata aka tambaya."

"Ina kakar, Inna?"

"Mun rufe ta bisa hanya."

Na san kunyar ɗan fari, mahaifiyata ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma takardar tambayoyin ba ta san kowa ba sai uwa. Na mayar da ita fayau, lokotoro ya ce sai an cika zai sa yarinyar a layi. Na sake gwadawa, uwar ta kuma kawar da kai. Raina ya ɓaci, na rasa da wa.

Ana haka aka ba da umarnin mayar da baƙi ƙauyukansu. Da kamiyon sojoji, babbar motar kwasar baƙin, ya zo, sai uwar ta ja ni gefe, idonta na wani wuri.

"Ɗana, akwai wata ɗiyar maƙwabtanmu. Tun rasuwar kaka tata ba ta barci, ba ta ci, cewa take gara ta bi ta. Ko mai maganin naku shina iya wani abu?"

Kafin in buɗe baki soja ya daka tsawa. Ta hau, ta zauna nesa da yarinyar, amma na ga ta tura mata zanenta.

Daga baya an gyara tambayoyin, ana fara tambayar wanda ya reni yaro. Na yi murna, sai dai har yau abin na ci mini rai. Uwar nan ta amsa mini komai, ni ne ban samu na ba ta amsa ba.