Yaya Indo ba mayya ba ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina rumfata ranar Laraba da hantsi wani direban Zango ya leƙo ya ce, "Sale, ka ji mayyar nan ta fim ta mutu?" Haka rasuwar Yaya Indo ta iso mini, da sunan da har da ni aka liƙa mata.

Kaset nake sayarwa a Daura tun kafin a ƙaddamar da shari'a. Bayan ƙaddamarwa masu shirya fim suka shiga taitayinsu, kowane fim sai an nuna mugu ya ga sakayya. Matar kirki kuwa dole fara ce, ko Allah ya yi ta ko man shafawa. Yaya Indo baƙa ce wuluk, kyakkyawa, mai wushirya, saboda haka rabonta mayya, kawaliya, ko 'yar aiki mai barbaɗa guba. Takan ce, "A fim an kashe ni ya fi a ƙirga, ba a taɓa ɗaura mini aure ba." Ni kuma sai in ɗaga kaset mai hotonta in yi ta shela: "Ga mai cin kurwar jarirai!" Ciniki ya yi ta tafiya.

Wata ranar kasuwar Mai'adua ta je sayen tunkiya. Wata yarinya ta faɗi kusa da ita tana sanƙarewa. Uwar ta ɗago, ta dube ta, ta kurma ihu: "Ita ce! Na gan ta a fim!" Nan take aka rufar mata. Aka fizge mayafinta, aka yage rigarta. Wani ya sauke mata ƙotar gatari a kafaɗa, wani ya fasa mata baki da dutse. Da idona na ga haƙoranta biyu a ƙasa. Ana ta ihu wai sai ta saki kurwar yarinyar, ta tsallake ta sau uku. Jini na zuba ta miƙe da ƙyar, ta tsallake. Sannan ta ce da uwar, "Na yi. Yanzu don Allah ki kai ta asibiti, zazzaɓi ne."

Ina wurin, taku kaɗan ne tsakaninmu. Na san ta, na sha cin tuwon gidanta a bayan rijiyar Kusugu. Amma kwalin kaset ɗina cike yake da fuskarta, sai na rufe shi na zauna a kai, na yi gum.

Shekaru ina kauce wa layinsu. Bana da na ji ciwo ya kwantar da ita na je. Hannunta da aka doka bai ƙara ɗaguwa ba tun ranar Mai'adua. Na fara kame-kame, ta tare ni: "Na gan ka a kan kwali, ƙanena. Na yafe. Amma in na mutu kai za ka gaya wa mutane ko ni wace ce, tunda bakinka ya iya talla."

To, ku shaida. Indo mai sallah ce, mai azumin Litinin da Alhamis. Marayun 'yar'uwarta a ɗakinta suka girma. Wasa aka ba ta, ta iya shi fiye da fararen, mu kuma muka doke ta a kan iyawar.

Allah ya jiƙanta, ya sa jininta da aka zubar ya zama kaffara, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba 'yarta Hauwa da sauran iyalinta haƙuri. Waɗanda suka ɗaga hannu da mu da muka yi shiru, Allah ya ba mu ikon tuba kafin tamu ta zo. Amin.