Ranar da Na Yi Wara da Hannuna

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne wawan, ba sai an nemo shaidu ba. Na yi firamare har aji huɗu, na iya rubuta wasiƙa, ina karanta lambar mota tun daga nesa. Duk wannan ilimi da Allah ya hore mini bai hana ƙwarya guda ta madara ta kunyata ni a tsakar gidana ba.

Asalin abin daga kudu ne. Ina saurayi na yi shekaru ina bin motar shanu zuwa ƙasar Yarabawa. A bakin kara, inda muke sauke dabbobi, akwai wata mata mai sayar da wara. Kada mai karatu ya ɗauka awarar waken suya nake nufi, wadda ake soyawa a kowane lungu. Wannan cukun madarar shanu ne, fari, mai laushi kamar auduga. Matar takan murƙushe shi da jajjagen tattasai da attarugu, ta ɗiga mai, ta tsaga burodi ta shafa a ciki. Mutum ya ci wannan bayan kwana biyu a saman mota, sai ya ji ya yafe wa direba duk ramin da ya faɗa.

Da na bar bin mota na dawo Taura, na auri Bafulatana daga wata ruga ta wajen Buji. Na ba ta labarin wara, na kwatanta mata da hannu da baki. Da ma ita ba mai yawan magana ba ce. Bayan kamar wata biyu, wata Juma'a da safe, sai ga shi ta ajiye mini a ɗan kwano. Ta sa man shanu a maimakon man gyaɗa, ya ma fi na kudun. Tun daga ranar ba a fasa ba, duk Juma'a, har gashina ya yi fari.

Na kuma kafa dokoki a kan inda ake cinsa, domin abinci mai daraja ba a cinsa ko'ina. Ba a ci a tsaye. Ba a kai shi teburin mai shayi, inda kowa zai miƙo hannu da sunan ɗanɗano. Wurinsa ɗaya ne a duniya bisa binciken da na yi: kan tabarma, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidana, da hantsi, da kofin shayi a gefen dama.

Bara, ana cikin girbin gero, matata ta kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abarsa.

Ba zan tsawaita a nan ba. Mutane suka watse, gida ya yi mini faɗi. Abokai suka ce in ƙara aure, na ce su fara nemo wadda za ta yarda. Na koma shayi da safe, garin kwaki da rana, da yamma kuma duk abin da maƙwabta suka aiko, in sun tuna. Wandona ya fara neman ƙarin ɗauri.

'Yarmu ɗaya ce, ma'aikaciya ce a Dutse, can take da mijinta. Ta zo ta dube ni ta ce in tattara in koma wurinsu, an ma gyara mini ɗaki. Na san ɗakin. Tayil ne a ƙasa mai sanyi kamar na asibiti, tagar tana kallon katanga, 'yan adaidaita sahu suna hon tun asuba. Ta kawo mini har da wani cuku rawaya da ta saya a babban kanti, kowane yanka da rigarsa ta leda, wai in ga a Dutse ma akwai. Na ɗanɗana don kada ta ji babu daɗi. Sabulu ya fi shi, don shi ko ba komai yana kumfa.

Na ce ba inda za ni. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, kwanukan uwarta suna jere yadda ta bar su, kuma ina tsoron in na rufe ƙofar nan na tafi, shi ke nan ta rasu da gaske.

Muka yi ta ja har ta gaji. Daga ƙarshe ta kafa sharaɗi: za ta dawo ranar Asabar, in na ajiye mata abincin da na dafa da hannuna, wanda mutum zai iya haɗiyewa, za ta ƙyale ni a gidana. In na kasa, in shiga mota ba musu.

Mai hankali da wake da shinkafa zai dafa. Ni na ce wara.

Na aika wa ƙanwar marigayiya a ruga cewa ta taho da madarar safe. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar ɗaurin aure, ba ta taɓa raga mini ba, ni ma haka. Ta iso da hantsi da madarar a jarka, ta juye a ƙwarya, ta tambaya ko an tanadi ruwan kashe gobara. 'Yata ma ta iso da motar haya. Na zaunar da su a inuwa, na ce duk wadda ta sa mini baki ko hannu ta ɓata sharaɗi.

Tun ana gobe na riga na yi bincike. Na tambayi maƙwabciyata mai awarar suya da me take sa tata ta daskare, ta ce da ruwan tsami, wanda ake tsiyayewa daga kan kamu. Ta ba ni cikin gwangwani. Na ce a raina ai magana ta ƙare, farin abu duk farin abu ne.

Na hura wuta irin ta dafa ganda, na ɗora madarar a tukunya. Madara ta yi shiru kamar mai ladabi, na juya in ɗauko ludayi, sai ta taso ta yi ambaliya, ta kashe rabin wutar, ƙauri ya cika gida. Daga inuwa na ji ana tari irin na ƙarya. Na tuttula ruwan tsamin gaba ɗaya. Madarar ta tsinke, ta zama tsaki-tsaki yana yawo a cikin wani ruwa kore-kore. Ban taɓa ganin haka a kwanona ba, amma na ce wataƙila haka yake kafin ya yi hankali.

Abin tacewa na rasa. Na shiga ɗakin marigayiya na jawo wani tsohon kallabi daga kan igiya. Ina ɗaga shi ƙamshin man kanta ya buge ni. Na tsaya a wurin, ban san iya lokacin da na ɗauka ba, har sai da 'yata ta kira ni ta tambaya ko lafiya. Na ce hayaƙi ne. Na mayar da kallabin inda yake, na tace da hulata.

Na daka tattasai da attarugu a turmi, rabi ya fantsama waje. Na haɗa da abin da hula ta tsirar, na zuba man shanu da gishiri, na murƙushe, na shafa a burodi. Launi kam ya yi daidai, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

'Yata ta gutsura. Ta yi ta tauna, ta yi ta tauna, idonta a ƙasa. Na ga maƙogwaronta ya motsa da ƙyar. Sai ta sake kai hannu za ta ƙara, a nan na gane yarinyar nan so take ta bar ni in ci nasara, kuma hakan ya fi mini ciwo fiye da a ce ta tofar. Na ɗanɗana da kaina. Tsami, ƙauri, da wani gari-gari kamar an haɗa da yashi.

Ƙanwar matata ko kai wa baki ba ta yi ba. Ta sunsuna ta ajiye, ta miƙe ta leƙa bayan ɗaki, ta dawo.

"Yaya, ina tumfafiyar da ke nan?"

Na ce na sare ta lokacin zaman makoki, don a sami wurin shimfiɗa tabarmi. Ciyawar da ko akuya ba ta ci, me za a yi da ita a gida?

Ta zauna a hankali. Ta ce da ita ake yin warar. Ganyen ake dandaƙawa a jiƙa cikin 'yar madara, a tace a cikin sauran, a ɗora a wuta marar ƙarfi har ta kama kanta ta taso. Ta ce yayarta ta ɓata madara ba adadi a farkon aurenmu, a ɓoye, kafin ta taka har wata ruga mai nisa wurin wata tsohuwa da ta taɓa kiwo a kudu, ta koyo. Tumfafiyar nan matata ce ta bar ta ta girma da gangan, tana zuba mata ruwan wanke-wanke.

Ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. 'Yata ta tashi ta shiga ɗakina, na ji tana buɗe akwati.

Na gyara murya irin ta manya. Na ce to ai yanzu an gano inda matsalar take, tumfafiya kuwa ta cika bakin hanya. A ɗaga tafiyar zuwa wata Asabar, ita ƙanwar tawa ta shigo madafi ta tsaya a kaina ta nuna mini sau ɗaya tak, ni mai saurin ɗauka ne tun a makaranta.

Ta dube ni, babu alamar wasan nan da muka saba.

"Sau nawa yayata ta ce ka zo ka riƙe mata ƙwarya ta tace, kana cewa madafi ba wurin maza ba ne? To har yau ba wurin maza ba ne, Yaya. Tashi ka sa takalminka."